Gefen da Gaudenz Ya Yi Tsalle

Zuwa ga yayana Flurin, a Hamburg,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Silke da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan Pontresina sai godiya. Inna ta samu sauƙin gwiwarta, kullum tana gindin murhu tana mitar babu mai iya miyar sha'ir sai ita. Gaudenz ma an sallamo shi daga asibiti, da ƙarfe a ƙugu da haƙarƙari a karye. Mijin nawa ba ya ko iya tari sai ya dafa bango.

Yaya, raina a ɓace nake rubuta maka, ba zan ɓoye ba. Kai ka turo mana surukinka Detlef, ƙanen Silke, ka ce ya ƙware a hawan dutse, Gaudenz ya yi masa jagora su hau doron dutsen Biancograt cikin hunturu. Ka san doron nan, sirit kamar bakin wuƙa, dama rami hagu rami. Ka kuma san abin da Baba ya koya muku tun kuna yara: in kuna ɗaure a igiya ɗaya baƙo ya zame ta hagu, jagora ya jefa kansa ta dama, igiya ta rataye ku biyu a kan doron. To, abin da ya faru ke nan. Detlef ya tsaya ɗaukar hoto, ƙarfen takalminsa ya kama wandonsa, ya tafi. Gaudenz bai yi wata-wata ba ya faɗa ɗaya gefen, ya daku da dutse. Shi gogan ko ƙwarzane bai yi ba, yana lilo yana kuka yana kiran uwarsa har jirgin ceto ya iso. Sau ɗaya Gaudenz ya faɗa mini wannan, a gadon asibiti, ya ce kada in kuskura ya fita daga bakina.

Ka san abin da mutumin nan ya yi? Ya sauko ya zauna a mashaya yana ba mutane labari wai jagora ne ya zame, shi ya tare shi da nauyinsa. Ya koma gida ya rubuta wa ƙungiyar jagorori haka, har da cewa shekaru sun cim ma Gaudenz. Jumma'a mai zuwa za su zauna, kuma in maganarsa ta tsaya za su karɓe lambar jagorancin Gaudenz. Mutumin da bai taɓa barin baƙo a kan dutse ba! Shi kuwa ya kafe, wai jagora ba ya tona asirin baƙonsa, abin da ya faru a sama a sama yake zama. Na ce masa asirin banza, wanda ka rufa wa yana can yana yi maka tsirara a kasuwa. Ya juya fuska bango. Ko tsoho Duri, abokin hawan Baba, da na kai masa kuka, cewa ya yi duk sun san gaskiya, amma in jagora bai yi magana ba hannunsu a ɗaure yake.

Na san ba ka son ɓata wa Silke, ni ma ba ni da komai da ita. Amma kuna cin abinci tebur ɗaya da Detlef kowace Lahadi. Ka dube shi cikin ido ka ce ya janye ƙaryarsa kafin Jumma'a. Kai ka ɗaura shi a igiyar mijina, Yaya. Yanzu mu ne muke zamewa, kuma ɗan Baba ba sai an gaya masa gefen da zai yi tsalle ba.

Ka gaishe da Silke, da Annika da ɗan autanku Jonas. Inna da 'yarmu Ladina suna gaishe ka. Detlef kam ban aiko masa da komai ba.

Ƙanwarka da ke jiran amsarka,
Seraina