Haruffan Cikin Kabet

Laraba da dare, Akurba.

Yau na buge wa 'yata Hafsa hannu, har yanzu abin na cina. Haruffan katakon da gwaggonta ta kawo mata, tuni na kulle su a kabet, wai kada su ɓace. Ɗazu na tarar tana goga yatsa duk manja a gilashin kabet ɗin.

"Mama, ai ban buɗe ba," ta ce, tana kuka.

Da na zo gogewa sai na ga H ta zana, a karkace, saitin ta katakon. Yarinya tana koyon sunanta ta bayan gilashi, ni ina gadin kaya!

Na zube mata su kusa da filonta. Gilashin kuwa na kasa gogewa.