Azumin da Ba Ka Yi Niyyarsa Ba

Assalamu alaikum, Baban Shareeza, inuwar mangwarona, ruwan daɗina a ƙasar da gishirin teku ke lasa.

Ka gafarce ni da na ɗora maka karatu a kan gajiyar aiki. Na yi ta ɗaukar biro ina ajiyewa, don ban saba tayar maka da hankali ba.

Ka tuna yammacin da muka zauna kan katangar teku a nan garinmu Anna Regina, kana gwada mini albashinka na injiniyan yanki da na sabon aikin da ka samu a babban birni, Georgetown? Ka ce na birni ya ninka naka uku. Har ka tsokane ni, "Nazmoon, kin kusa daina ƙirga albasa." Wallahi na taya ka murna. Cikinmu ba wanda ya tambayi kuɗin haya a garin da arzikin man fetur ya haukata. Muka auna albashi, muka manta da kasuwa!

Jiya ƙanenka Imtiaz ya sauko daga jirgin ruwa yana ta yabonka, wai ka zama waliyyi: azumi Litinin da Alhamis, har da Talata da Asabar. Kowa na masha Allah, ban da ni. Kai da nake tasa sahur da Ramadan kana gunaguni? Kai da ba ka kaiwa azahar ba ka ci miyar wake da gurasar roti ba? Na gane azumin nan, rabin raina. Haya ta cinye kaso, sauran ka aiko mana, sai ka laƙaba wa yunwa sunan ibada don kada a ji tausayinka.

Ba zan shiga tsakaninka da Ubangijinka ba, Allah Ya karɓa. Amma shinkafar da na saya da kuɗinka ta ƙi wuce maƙogwarona. Ta yaya zan ƙoshi da abincin ranarka, hasken idona?

Kujerarka a ofishin magudanan ruwa tana nan, an ce ba za a ba wani ba sai ƙarshen wata. Albashin kaɗan ne, na sani. Amma gidan namu ne, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa don haya, kuma kabewa ta zuba 'ya'ya a bayan ɗaki. Ka dawo. Gara in ƙirga albasa har in koma ga Allah da in ƙirga haƙarƙarinka.

Taka ce ni, yau da gobe, kamar yadda tekun nan ke janyewa ya komo gaɓarsa. Kuɗin wannan watan ban taɓa ba, kuma ba zan taɓa ba sai na ji daga gare ka. Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Matarka,
Nazmoon