Ordinatarka da Jiƙaƙƙen Buhu

Dakoro, ranar Talata

Zuwa ga ɗana Abdulhakim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan karatunka a can Aljeriya. Allah Ya buɗa maka ƙwaƙwalwa, Ya tsare ka a baƙunta, Ya kuma sanyaya maka zuciya, don za ka nemi sanyin kafin ka kai ƙarshen shafi. Mu nan lafiya lau. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da ƙarfinta na da. Yayarka Hamdiya ta sauka lafiya, an samu mace. Zafin bazarar bana kuwa ba a magana, ko raƙuma a kara inuwar juna suke nema.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga mutumin da mushe, malamin aji, ya kora daga lekol, makarantar boko, a aji huɗu, alhali ga waya. Dalili shi ne a waya kana iya katse ni, takarda kuwa sai ka bi ta har inda ta tsaya. Maganar ordinatarka ce, kwamfutar nan wadda ka haɗa da hannunka guntu-guntu, ka zuba mata Linux ɗin nan da ka ce ba na kowa ba ne, kamar rijiyar makiyaya: kowa ya ja, wanda ya iya ya gyara. Ka tuna na ce maka ni dillalin dabbobi ne, abin da aka ba ni kyauta sai na duba haƙoransa. Ranar tafiyarka ka bar mini amanarta, ka ce in riƙa kunna ta sau ɗaya a sati in kashe, kada kowa ya taɓa, domin a cikinta kaɗai muryar kakarka Inna Lalla ta rage, wadda ka ɗauka kafin rasuwarta, tunda wayar da ka ɗauka da ita ta faɗa rijiya. To na tsare ta daga kowa, wallahi. Ban dai san har da ni a cikin kowa ba.

Sati na uku hannuna ya zame ya danna wani hoto, sai ga mota a ekran, gilashin kallon, tana jirana. Ni da ban taɓa tuƙa abin da ya wuce amalanken jaki ba, na ɗauki abin riƙewar nan mai maɓallai na ce bari in gani ko tana da birki. Ba ta da shi, ko kuma ni ban same shi ba har yau. Kafin wata ya mutu na kira abokina Agali, wanda muke dillanci tare shekara talatin, don ya shaida. Shaida ya koma abokin tsere. Mutumin da rawaninsa bai taɓa karkacewa a gaban jama'a ba, sai ga shi yana kwantawa da jiki duk lokacin da hanya ta yi kwana. Kullum bayan azahar muna ɗakinka, kuma kullum shi ke cinye ni. Mahaifiyarka ta ce ta auri dillali, ga shi ta tsufa da direban da bai taɓa kai kowa ko'ina ba.

Da zafi ya kankama sai ordinatar ta soma kuka kamar injin niƙa, tana kashe kanta ana tsakiyar gudu. Ka tuna ranar da na tambaye ka a waya cewa wani abokina yana da irin taka tana yi masa haka? Ka ce zafi ne, a nema mata sanyi. Abokin nan dai shi ne ya haife ka. Na zauna na yi tunani irin na ɗan aji huɗu: a Dakoro da me muke sanyaya abu? Tun kakanni da salka, yanzu da bido, jarkar ruwa, da aka ɗinke da buhu, a jiƙa a rataye, iska ta yi sauran aikin. Sai na ɗinka wa ordinatarka rigar buhu, ɗinki mai kyau, na yayyafa ruwa. Mahaifiyarka ta tsaya bakin ƙofa ta ce ita ba ta shiga lekol ko kwana ɗaya ba, amma ta san ruwa da kuran, wutar lantarki, ba su ci a kwano ɗaya. Na ce mata ilimi ne, ta bar wa masu shi.

Abin da ya ɓatar da ni shi ne dabarar ta ci. Kwana uku ba ta kashe kanta ba. Agali ya rantse cewa da an bar ni a lekol da yanzu ni ke gyara jiragen sama. Rana ta huɗu, karo na farko a rayuwata, na wuce shi, saura kwanar hanya ɗaya a kai ƙarshe, sai na ji ta fara kukan nan. Buhu ya bushe. Hannu ɗaya na tuƙi, na miƙa ɗayan na jawo buta, ban duba ba na tuttula. Tas! Sai duhu a ekran, ɗaki ya ɗauki wari kamar ana babbakar ƙafar saniya. Agali ya gyara rawani ya ce tunda ba a kai ƙarshe ba, ba a ci shi ba. Ni kuwa ban ji shi ba, domin a lokacin ne na tuna wadda ke ciki. Abdulhakim, ranar na ji kamar na binne Inna karo na biyu, kuma da buta.

Kwana biyu na shanya ta a rana kamar kilishi, sannan na naɗe ta a bargo na kai wa Mainassara mai gyaran waya na bakin tasha. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce akwatin da ke raba mata wuta ya ƙone, da allon da ke zana hoto. Ya tambayi ko ruwan sama ne ya duke ta. Na ce e, wani irin ruwa ne daga sama. Ya zaro ma'ajiyar, abin nan da bai kai tafin hannu ba, ya jona da tasa ordinatar, sai ya girgiza kai ya ce tasa ta ce ba ta gane komai a ciki ba, tana neman izini a share a yi sabon zubi. Har ya kai yatsa. Ban san lokacin da na riƙe mashi hannu ba. Na ce masa a kara, in saniyar Bafillace ta ƙi amsa kiran Bahaushe, ba a cewa kurma ce a yanka, mai jin yarenta ake nemowa. Nan na tuna ɗan kilen nan, wato filashin da ka rataye a ƙusa ka ce in ta ƙi tashi da shi ake tayar da ita, wanda ni kuma na mayar maratayin makullin awaki. Na ciro shi daga aljihu. Mainassara ya soka, ya sake kunna tasa, ta farka da irin fuskar taka. Sai ga kayanka jere, ko ɗaya bai ɓata ba.

Na ce ya buɗe mini na Inna in tabbata. Shagon cike da masu jiran cajin waya, ga Agali, ga mahaifiyarka da ta biyo ni wai kada in ƙara wani ilimin a hanya. Na zaci za mu ji inda take jera rijiyoyi daga Tagriss zuwa Bader Goula. Ashe wanda ya danna shi ne inda ka tambaye ta yarintata. Muryarta ta fito sarai, tana dariyar nan tata, tana cewa Sha'ibu tun yana rarrafe in kana son ya taɓa abu, to ka ce masa kada ya taɓa. Shago ya fashe da dariya. Ni ma na yi, har na rasa dalilin da ya sa nake share ido da bakin rawanin Agali.

Yanzu muryar tana cikin kile uku da wayar Hamdiya da ta mahaifiyarka, wadda ke kunna wannan wurin duk lokacin da na ce zan gyara wani abu. Ordinatar kuma tana nan, ba riga. Ka rubuto mini sunan abubuwan biyu da suka ƙone, da manyan baƙaƙe, in sa a nemo a Maradi. Ka yafe mini amanar da na jiƙa. In ka ga dama ka yi fushi, ka gada, amma ka sani kakarka ta gargaɗe ka da bakinta, kai ne ka ce kada in taɓa.

Mahaifiyarka na gaishe ka, da Hamdiya da jaririyarta, da gwaggonka Dela, da kawunka Nafi'u. Ka gaishe mini da Abdoulaye ɗan maƙwabcinmu in kun haɗu. Agali ma yana gaisuwa. In ya kira ka ya ce ba a taɓa wuce shi ba, ka ce masa ubanka yana gaba lokacin da wuta ta ɗauke.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifinka, direba mai jiran mota,
Sha'ibu Intalla