Wayar Mamarta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Ya ƙafar taki? Kar ki ce mini da sauƙi, na san halinki, ko tana ciwo sai kin ja ta zuwa kasuwa. Tunda kin rantse ba kya karanta dogon saƙo a waya, ga takarda ta hannun direba, sai ki lalubo tabaraunki.

Mu nan lafiya lau, sai dai 'yata, takwararki, ta sa ni a gaba. Malamar ajinsu ta kira ni makaranta, ta baje mini littattafanta a kan tebur. Yaya, yarinyar da ake kwatance da ita, yau aikin gida rabi da rabi take kaiwa. Na tsaya gaban matar nan da baƙin mai a farcena, kunya kamar in nutse.

Na san inda matsalar take, wayar marigayiya mamarta ce. Bayan rasuwar na ba ta don ta riƙa duba darasi, ni kuwa ko taɓa ta ba na iyawa, har yanzu rigar wayar ƙamshin man hannunta take yi. To duk sa'ad da na leƙo daga shago sai in tarar da ita a teburin nan na bakin taga, littafi a buɗe, biro a baki, abin sauraro a kunne, ta yi nisa. Ina yin gyaran murya sai ta zabura ta kife wayar.

Malamar ta ba ni shawarar wata manhaja da iyaye ke sa wa wayar yara. Maƙwabcina mai gyaran waya ya saka mana jiya. Daga dawowarta makaranta har faɗuwar rana komai a kulle yake, sai ƙamus da littattafan karatu, mabuɗin kuma yana tawa wayar. Ina durƙushe bayan firijin mutane ina walda, amma ina ganin duk abin da ta buɗe. Kin ga ƙaninki ya waye.

Ta sha mur dai, amma za ta huce. Ita kaɗai uwarta ta bar mini, ba zan zuba ido waya ta lalata ta ba.

Ki gai da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kuma kina shan maganin yadda aka ce, ba yadda kika ga dama ba. Saƙonki ya iso ta bakin direba, wai in bi yarinya a hankali. Na ji, amma bari ki ji nawa.

Ta fuskar karatu, manhajar ta yi aiki. Aiki yana cika, malama har yabo ta rubuto. Sai dai gidan ya yi tsit. Takwararki ta koma gaisuwa da kai, abinci ta ɗan tsakura ta ture. Tana rubutu tana kallon taga, rana na faɗuwa sai ta wawuri wayar ta shige ɗaki.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne bayanin da manhajar ke turo mini. Ba wasa take bugawa ba, ba bidiyo take kallo ba. Wuri ɗaya take shiga, wurin hira da tura saƙo, ta daɗe a ciki. Yarinya ta fara tasowa, ba uwa a gida, me kike so in zata? Raina ya ba ni wani ɗan iska ne ke hure mata kunne. Na kulle wurin hirar gaba ɗaya, ba dare ba rana.

Washegari sai ga ta a shago da kayan makaranta a jikinta, ita da ta tsani warin iskar firiji. Ta tsaya tsakanin matattun firiji tana murza gefen jakarta, ta roƙe ni in buɗe mata ko na ɗan lokaci ne, ta yi alkawarin zama ta ɗaya a aji. Na tambaye ta da wa take magana, ta ce ba kowa. Na sake tambaya, ta buɗe baki, ta dube ni, ta fasa. Na ce tunda ba kowa, ai ba abin da ta rasa. Ta juya ba tare da ta yi kuka ba, wallahi da ma kukan ta yi.

Tun ranar abin yake damuna, amma na daure. Ke ma haka kika riƙa yi mini, ga shi ban lalace ba.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Babu wani saurayi, Yaya. Kin tuna zaman da marigayiya ta yi a asibiti? Ashe kullum da yamma tana turo wa yarinyar saƙon murya a tsohuwar wayar gida, wadda ta faɗa bokiti bara. Tana tambayarta me aka ba su, tana karanta mata tambayar lissafi, tana yi mata faɗa kan rubutun kaza, tana tari, tana dariya. Duk saƙonnin suna nan a wayar marigayiya. Su ne takwararki take kunnawa idan ta zauna aiki, don ta ji kamar uwarta na gefenta. Wani lokaci ta yi rubutu, wani lokaci ta kasa. Ni kuma ina shago ina bugun ƙirji na kama ɓarawo.

Da na kulle, wata 'yar ajinsu ta ce mata in ta mayar da wayar sabuwa fil kamar daga kanti, makullin zai fita. Ya fita kuwa, tare da komai. Na dawo cin abincin rana na tarar da ita zaune a ƙasan teburin, wayar a cinyarta tana yi mata barka da zuwa kamar ba ta taɓa sanin kowa ba. Kukan da ta yi, ko ranar rasuwar ban ji irinsa ba.

Na ruga wurin maƙwabcina. Ya jona wayar da kwamfuta, ya yi iya yinsa har ya ƙi karɓar aikin kowa, daga baya ya cire tabarau ya ba ni haƙuri. Ba a taɓa ajiye saƙonnin a wani wuri ba. Sun tafi.

Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini. Ta ce ai duk ranar da ta ambaci mamarta sai in miƙe in ce ana jirana a shago. Gaskiya ta faɗa.

Na zauna na bincike wayata kaf, cikin hotunan firiji da saƙonnin masu ƙorafi. Kin san marigayiya, ni kirana take yi, ba ta turo mini murya. Guda ɗaya tak na samu, tun kafin ciwon, ɗan gajere. Ana jin ƙarar famfo a bayanta, tana cewa in taho da ƙwan fitila, kuma in yi sauri, yarinyar nan ta ƙi fara aikinta sai na zo na zauna. Ban ma tuna ko na je ranar ba.

Na miƙa wa takwararki. Ta saurara, ta sake, ta sake, sannan ta ajiye wayar a kan tebur, ta jawo ɗaya kujerar da ƙafa ba tare da ta dube ni ba. Tun ranar nake rufe shago da wuri in zo in zauna. Lissafin nasu ya fi ƙarfina, kuma har yanzu ba ta yi mini magana. Tana rubutu, in ta kai tsakiya sai hannunta ya tafi kunne, ya tarar ba komai, ya dawo.

Don Allah ki tambayi ƙawayen marigayiya na wajenku, ko wata tana da muryarta a waya, ko da gaisuwa ce, ko da tari ne. Jiya takwararki ta rubuta a bangon littafinta cewa ta fara manta yadda dariyar take. Ni na sa aka kulle, Yaya, kuma ni ma na fara mantawa.

Ƙaninki,
Auta