Fiffiken da Zadok Ya Zaune

Limawa, Jimeta
Damina, 1972

Zuwa ga ɗana Ishaku,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Raliya da yara. Salihu na bakin gidan waya ke rubutawa, ni nake faɗa. In ka ga magana mai laushi, tasa ce.

Tun watan da aka mai da motoci hannun dama ka ɗauki ƙaramin jirgina na ƙarfe, ka ce za a nuna shi a bajen kayan tarihi a Maiduguri. Yanzu har direbobin Jimeta sun daina karo da juna, jirgi bai dawo ba.

Tafin hannu ya ishe shi zama, amma ka san ba abin wasan yara ba ne. Hafsanmu ya ba mu shi a yaƙin Japan a ƙasar Bama, mu shida 'yan Adamawa, don siffar mai jefa bom ɗin nan ce mai inji huɗu, wanda ya jefo mana shinkafa maimakon wuta ranar da yunwa ta kusa gama mu a daji. Tun da muka dawo, duk wanda ya kwanta ciwo a cikinmu, kai masa ake yi ya zauna wajen kansa. Ya raka huɗu. Saura ni da Zadok.

Jiya Liyatu 'yarsa ta hayo Binuwai daga Vinikilang. Ta ce ƙafafu sun kumbura, idanu sun tafi, kuma yana tambaya ko Lado ya sayar da jirgin ya ci goro. Ka aiko shi.

Mahaifinka,
Kofur Lado

*

Maiduguri

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da girmamawa. Na ji ciwon Baba Zadok, Allah Ya ba shi sauƙi. Ba a rufe bajen ba tukuna, kuma jama'a sun fi taruwa a gaban jirginku. Don haka na sa aka sayo wani a kanti a Kaduna, irinsa sak, sabo a kwalinsa, har farfelunsa na juyawa. Tunda Baba Zadok ba ya gani, ina ganin zai wadatar.

Ɗanku mai biyayya,
Ishaku

*

Ishaku,

Na gaishe ka. Ga kwalinka nan na mayar, ka ba yara.

Makaho da yatsu yake gani. Fiffiken hagu na namu a lanƙwashe yake, kuma ba Japan suka lanƙwasa shi ba. A jirgin ruwan dawowa Zadok ya zaune shi, ya yi tsalle yana kiran uwarsa da Bacamanci. Tun ranar nake ce masa sojan da ya kakkaɓo jirgi da mazaunai, shi kuma ya ce ai ya fi ni, da ban taɓa kakkaɓo ko fara ba. Duk gidan da muka kai jirgin, wurin nan mai ciwo ke fara shafawa, ya yi dariya ko da numfashi ya yi nisa.

Salihu ya ba ni shawara in sa wa sabon guduma. Na ce masa tare muka sha ruwa a hular kwalkwali ɗaya da mutumin nan, shi yana addu'arsa ina tawa, ba zan rufe da yaudararsa ba.

Na haye na duba Zadok hannu wofi. Ya laluba tafina, bai ji komai ba, ya saki. Bai zage ni ba. Wannan ne ya tsorata ni.

Lado

*

Baba,

Ina gaishe ku, ina kuma neman gafara. Ya'u direba zai kawo muku jirgin. Ba baje ne ya riƙe shi ba, kunya ce. Da za a sa shi a akwatin gilashi na ga fiffiken a karkace, na zaci lalacewa ce, na kai wa maƙeri ya gasa shi a hankali ya miƙe. Da ya dawo ba tabo ba karkata, sai jikina ya ba ni ba za ku gane shi ba, na kasa faɗa muku. Labarin kuwa ban taɓa tambaya ba.

Ishaku

*

Ɗana,

Ya iso. Maƙerinka gwani ne, Allah Ya shirye ku duka. Laifi ba naka kaɗai ba ne, ni ma ban taɓa zaunar da kai ba.

Liyatu ta ce yau ya sha kunu kaɗan. Binuwai ya cika, amma masu fito suna aiki. Gobe da safe zan shiga kwalekwalen farko, in kai jirgin, in sa shi a kan tabarmarsa, in ce mu ɗaga Zadok ya gyara zama. Wanda ya lanƙwasa na farko shi zai lanƙwasa na biyu. Ya rame sosai. In nauyinsa bai kai ba, zan dafa kafaɗarsa.

Ka gai da Raliya.

Mahaifinka,
Lado