Gonar Cikin Na'ura

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki, ya ƙafar taki? Ya Yaya babba da yara? Takarda na ɗauka don maganar ba ta waya ba ce, ga 'yata takwararki da kasa kunne.

Na'urar wasan nan ta ƙarƙashin talabijin ta mutu. Kin san ta, wadda marigayi maigidana ya kwaso ina ta mita. A kunna ta, ta ƙyafta jar wuta, ta ɗauke. A cikinta suke da wata gona shi da 'yarsa. Sun sayi wasan, suka bi shi da ƙari: tumaki ne, kwale-kwale ne, har da wani farin doki. Gidan gonar kuwa su suka gina abinsu, duk ranar da ba ya aiki. Tun da ya rasu, da ta dawo daga makaranta can take nufa, ta shayar da shukarsa, ta zauna a ɗakin da ya yi mata. Yanzu ko abinci sai na yi da gaske take ci.

Na kai ta shagon da aka saya. Mai shagon ya ce garanti bai ƙare ba, za su mayar wa kamfani su ba mu sabuwa. Na ce kayan ciki fa? Ya ce duk abin da aka saya yana asusun mai shi, da an shiga zai sauko. Na miƙa masa ita.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Mu dai ga mu nan.

Sabuwa ta zo, amma asusun a kulle yake, mai kalmar sirrin kuma ya tafi da abinsa. Na gwada sunan yarinyar, na gwada nawa, har sunan dokin, a banza. Mai shago ya ce a sake sirrin, za a tura wasu lambobi ta layin wayar marigayi. Yaya, layin da na jefa a durowa tun ranar rasuwarsa! Ashe in an daɗe ba a taɓa layi ba, sai a ba wani.

Na kira. Sunansa ya fito a fuskar wayata, ta yi ta ringi. Wani mutum ya ɗaga, ƙarar ƙarfe na tashi a bayansa. Na yi masa bayani, na roƙe shi ya karanto mini lambobin da suka shigo masa. Ya ce Allah ya isa, haka aka yi wa mahaifiyarsa aka kwashe mata komai, yanzu har da gawa muke damfara? Ya kashe.

Wallahi ban ga laifinsa ba, da ni ce ma da na fi shi zagi. Amma na sha kuka a banɗaki, na kunna famfo don kar ta ji. Ina kewarsa, Yaya, kewa mai ciwo.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ga saƙonki, Allah ya bar zumunci.

Takwararki ta ɗauki wayata ban sani ba, ta tura wa mutumin saƙon murya. Ban san me ta ce ba, ta goge. Washegari ya kira, ashe mai walda ne. Ya ce har gobe ba zai karanta wa kowa lamba a waya ba, amma a faɗa masa shagon. Ya zo da rigar aikinsa duk ƙuna, ya danna lambobin da kansa, ya kasa haɗa ido da ni.

Kaya suka yi ta saukowa. Tumaki, kwale-kwale, doki, ko ɗaya bai ɓata ba. Yarinya har tsalle. Ta buɗe gonar.

Fili fetal, sai ciyawa.

Mai shago ya sosa ƙeya. Ya ce abin da aka saya ne ke bin asusu, abin da aka gina yana cikin tsohuwar, ita kuwa kamfani kan wanke ta tas da ta isa. Wai ya ɗauka sayayyar nake tambaya. Mai walda ya fita ko sallama babu.

Ba ta yi kuka ba, shi ne ya fi tayar mini da hankali. Da muka dawo gida ta tsayar da dokin a tsakiyar filin, ta ce za ta sake ginawa yadda Abba ya yi. Ta fara, ta rushe, ta sake farawa. Ɗazu ta zo kicin ta tambaye ni, ƙofar gidan nan, kogi take kallo ko dutse? Ta ce ta fara mantawa.

Ni lokacin da suke ginin daga kicin nake jiyo dariyarsu, ban san amsa ba. Ke da kika zo hutu kin zauna kusa da su kina tsokanarsa. Don Allah ki yi tunani sosai. In kin tuna ki rubuto, in ma ba ki tuna ba ki zaɓi ɗaya, zan ce mata ke kika gani.

Ƙanwarki,
Auta