Takardar da Ban Sa wa Hannu Ba

Zuru,
9 ga Agusta, 1982

Zuwa ga uwargidana Safinatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lahiya, ke da Inna da mutanen Danchadi baki ɗaya. Ya ciwon ƙafar Inna? Ni ina nan, sai gajiya da tuwon da ba naki ba.

Kin ce mutane na ta surutu a kan dalilin da ya sa aka ɗauke ni daga makarantarmu ta Shagari aka turo ni nan Zuru. To ki ji daga bakina. Hoto na samu a wata mujalla, na duniyar Mushtari da ke can sararin sama, da wani jan tabo a jikinta. Na nuna wa 'yan aji shida, na gaya musu guguwa ce wadda ta fi duniyarmu faɗi, ta fi shekara ɗari tana juyawa ba ta kwanta ba. Na ƙara da cewa tamu ta bakin kasuwa, wadda ake gudu ana ta'awwuzi, zafin ƙasa ke tada ta. Washegari Kulu, ɗiyar Malam Sodangi, ta shiga tsakiyar wata guguwa don ta gwada. Da zazzaɓi ya kama ta, aka ce malamin kimiyya ya tura ta hannun aljanu.

Laifina na sani. Ban hana yaran shiga ba, ga ƙasa ga ƙaya, da ta rasa ido. Sodangi da ya kai ƙarata uba ne, ban riƙe shi ba.

Amma jiya sufeto ya aiko da takarda. Wai in rubuta cewa hoton ƙarya ne, a karanta gaban yara, sai a maishe ni gida kahin girbi. Safinatu, shekara goma sha huɗu ina cin ƙurar alli, sabulu ma sai an yi layi, yanzu kuma in tsaya in ce wa yara na yi musu ƙarya? Abin nan yana can yana juyawa, ko sufeto ya so ko ya ƙi, kuma wanda Ya halicce shi bai nemi izinin ofis ba.

Na mayar musu da takardarsu fara.

Na san kin ƙirga kwanakin dawowata, ki yi haƙuri da ni. Ki ce wa ƙanena Husaini ya yanke geron. In an gama, ki ɗaure kaya ki taho. Ɗakin ƙarami ne, yana yoyo ta gabas, amma na gyara wurin murhu.

Naki har kullum,
Mainasara